Agogon Auta

Agogo uku ne a bangon falon, jere a saman tagar da ke kallon titi. Na hagu na gida ne. Na tsakiya na Yaya ne, babban ɗansu, mai tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa can gabas, inda rana ke riga tasu faɗuwa. Na dama kuwa na Auta ne, ma'aikaciyar jinya a wata ƙasa ta yamma, inda gari ba ya wayewa sai an ci rabin yini a nan. Maigidan ne ya kafa su da hannunsa. Gyaran agogo ne sana'arsa tun yana saurayi, har idonsa na dama ya ɗan ƙanƙance saboda yawan matsa gilashin dubawa.

Duk ranar Lahadi yakan haɗa su a waya, kowa yana ganin fuskar kowa. Tun ranar Asabar zai tsaya gaban agogunan ya goya hannu a baya, yana motsa baki, sannan ya aika wa kowa saƙon murya da lokacin garinsa. Bai taɓa cewa su lissafa da kansu ba. Umma kuwa aikinta ta jingina wayar da gwangwanin sukari a kan tebur, ta gyara ɗankwali, ta zauna ta ga 'ya'yanta.

Da ya rasu, taron ya bi shi.

Ba rasuwar kaɗai ta kashe taron ba. Ranar da jiki ya yi tsanani, maigidan ya ce a kira masa yaran. An samu Yaya. Yaya ya yi ta kiran ƙanwarsa daga can, wayar tana ƙara ba a ɗauka, don tana bakin aiki, wayarta kuma na kulle a akwatin ajiya kamar yadda dokar asibitinsu ta ce. Kafin ta sauka daga aiki, maigidan ya riga ya amsa nasa kiran. Auta ta ce da Yaya ya damu da ya nemi lambar asibitin, ya sa an fito da ita. Yaya ya ce wanda ubansa ke kwance ba ya rabuwa da waya, ko a gaban wa yake aiki. Maganganu suka fita waɗanda ba a iya mayarwa ciki. Tun daga ranar, kowa sai ya kira Umma shi kaɗai, ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ba mai ambaton ɗan'uwansa.

Umma ta zuba musu ido har wata biyu. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gida ya koma ita da ƙarar agogo. Kowace safiya takan goge gilasansu da tsumma a kan sanda, amma ba ta yarda kowa ya sauke su. Ƙanenta ya taɓa cewa a cire biyu, ƙarar ta yi yawa ga mai zaman kaɗaici. Ta ce masa, “Inda hannunsa ya bar su, nan za su tsaya.”

Wata Asabar ta tashi da maganar taron a ranta. Ta tsaya gaban bango yadda maigidan ya saba tsayawa, ta goya hannu a baya. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta zauna da mai gyaran agogo shekara arba'in, ba a yi mata gardamar ƙarfe nawa. Ta san Auta aikin dare take yi, ba ta isa gida sai wajen tara na safiyarsu. Ta ƙirga da yatsa: idan na dama ya nuna tara, na gida yana kan biyu, na Yaya yana kan shida. Ta danna wayar ta yi magana.

“Auta, ni ce. Gobe ƙarfe tara na safiyarku ina son ganinki, ke da yayanki. Ba shawara nake nema ba.”

Ta aika wa Yaya nasa, ta ce shida na yammarsu.

Auta ta amsa da kalma biyu: “To, Umma.” Yaya kuwa sai da ya kira.

“Umma, saboda ke zan zauna. Amma an canja mana aiki, shida da rabi motar ma'aikata take ɗaukata. Kuma ki ji da kyau, in yarinyar nan ta shanya ni, kada ki sake kirana irin wannan zama. Na gama.”

“Yarinyar da kake faɗa tana da furfura biyu, na gani.”

“Ko goma ne, Umma. Na faɗa miki.”

Ta san shi. Halin ubansa ya ɗauko: in ya ce ya gama, to ya gama.

Ranar Lahadi ta share falon tun da hantsi. Ta jingina wayar da gwangwanin sukari, ta ja kujerarta. Kujerar maigidan tana gefe, da ramin da zamansa ya yi a katifarta. Ta ɗan matsar da wayar don kada kujerar ta fito, sannan ta sake mayar da ita yadda take. Ƙarfe biyu daidai fuskar Yaya ta bayyana, sanye da rigar aiki mai ratsin rawaya, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu.

“Ba masu aski a garin naku?”

“Umma ke nan. Ina wuni? Ya ƙafar?”

“Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Kana cin abinci kuwa?”

Suka taɓa hira. Gefen da fuskar Auta ta saba fitowa ya tsaya baƙi. Umma tana magana, idonta na zuwa can yana dawowa. Ta ba shi labarin famfon da ke ɗiga, da maƙwabcin da ya sayi akuya mai kukan mutum. Labarin ya ƙare. Ta waiwaya bango: na dama ya wuce tara da kwata.

“Kin gani ko?” in ji Yaya, a hankali.

“Wataƙila mota ce ta tsaya mata.”

“Kira ta mana.”

Ta kira. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta yanke. Yaya ya yi wata dariya marar daɗi.

“Wannan ƙarar na san ta. Ita na sha ranar nan, Baba yana tambayata, ta ɗauka? Ta ɗauka? Ni ne na ce masa tana zuwa. Ƙarya na yi wa mutum a kan gadon mutuwarsa, Umma, saboda ita.”

Umma ba ta taɓa jin wannan ba. Ta kai idonta bango, wurin da ta saba kai shi in magana ta fi ƙarfinta, don a nan ƙarƙashin agogunan maigidan yake tsayawa. A lungun kusa da taga kujerar katakon nan take, mai ƙafa uku, wadda yake takawa.

Kujerar ce ta tuna mata.

Sau biyu a shekara yakan jawo ta, ya ce, “Zo ki riƙe min.” Ya hau, ya sauke agogon dama shi kaɗai, ya murɗa bayansa, ya mayar. Ita kuma tana riƙe da kujerar tana yi masa tsiya.

“Malam, agogon nan lafiyarsa ƙalau. Rashin aiki ne ya dame ka?”

“Ba laifinsa ba ne, mutanen garin ne. In sanyi ya zo su matsa lokaci, in zafi ya zo su dawo da shi.”

“Su matsa lokaci? Na ubansu ne?”

“Haka suka ga dama. Riƙe da kyau, kada ki zama gwauruwa a kan awa guda.”

Ta yi dariya a lokacin. Shekara da shekaru tana riƙe kujerar, ba ta taɓa tambayar gaba yake murɗawa ko baya ba. Rabon da ya hau kuwa tun kafin ciwon ya kwantar da shi. Kuma a makon jiya Auta ta ce mata sanyi ya shigo musu, har ta fito da manyan riguna.

“Umma, zan tashi,” in ji Yaya. “Ki yi haƙuri. Na cika miki alkawari.”

“Tsaya. Ƙarfe nawa ne yanzu a garin ƙanwarka?”

“Ga agogo nan a bayanki.”

“Ba shi na tambaya ba. Kai na tambaya. Wayarka ba ta faɗa?”

“Tana faɗa, amma me zai…”

“Shekara nawa tana garin nan? Ka taɓa dubawa ko sau ɗaya?”

“Baba ne ke faɗa mana,” ya ce.

“To Baba ba ya nan. Duba min.”

Fuskarsa ta kau daga wayar, sai goshinsa take gani da yatsansa yana shafa gilashi. In gaba suka matsa, to Auta ta zo tun awa guda da ta wuce, ta tarar ba kowa, ta ɗauka an rufe mata ƙofa. In kuwa ba su matsa komai ba, to Yaya ya yi gaskiya, ita ce ba ta so zuwa ba.

Ya daɗe bai ɗago ba.

“Takwas da minti ashirin da biyar,” ya ce.

“Ba tara ba?”

“Takwas. Sun koma baya da awa ɗaya, makonni uku ke nan.” Ya shafa gemu. “Ashe shi ya sa Baba wani lokaci yakan ce min shida, wani lokaci bakwai. Ni na ɗauka mantuwar tsufa ce.”

“Tara ɗinta yake tsarewa, don ta samu ta iso gida. Mu ne muke matsawa, ba mu sani ba.” Umma ta sauke numfashi. “Yanzu haka tana miƙa aiki, wayar tana cikin akwati.”

Ba ta ƙara ko kalma a kan akwatin ba. Amma ta ga ya sunkuyar da kai.

Sai aka ji hon ta wajensa, sau biyu, dogo. Ya waiwaya wajen tagarsa.

“Motarmu ce.”

“Na ji.”

“In ta tafi, sai na nemi wanda zai riƙe min injin. Shugaban namu ba ya da sauƙi, Umma.”

“Ban ce ka zauna ba. Ka ce in ta shanya ka, ka gama. Ba ta shanya ka ba. Sauran kuma kai ka sani.”

Hon ya sake tashi. Yaya ya miƙe, wayar ta nuna silin ɗakinsa da fanka tana juyawa. Ta ji buɗe ƙofa, ta ji muryarsa daga nesa yana magana da wani cikin yaren da ba ta ji. Ta ji motar ta ja. Ta zauna tana kallon fankar, hannuwanta a cinya, ba ta san ko yana cikin motar ba.

Fankar ta gushe, fuskarsa ta dawo. Ya cire rigar mai ratsin rawaya ya rataye a bayan kujera.

“Na ce abokina ya shiga min. Zan yi masa Lahadi biyu.” Ya share murya. “Ki gyara agogon nan, Umma, kada ya sake haɗa mu faɗa.”

Ta juya ta dubi agogon. Hannun maigidan ne ya sa shi inda yake. Wata biyu tana tsaron wannan, tana ganin muddin ba a taɓa ba, akwai abin da ya rage nasa yana tafiya a gidan. Amma shi bai taɓa barin agogon Auta ya yi ƙarya ba, ko na yini ɗaya.

Ba ta tashi nan take ba. Suka zauna, uwa da ɗa, shi yana kurɓar shayi, ita tana jan carbi. Sai da na gida ya kusa uku ta dafa tebur ta miƙe, ta jawo kujerar mai ƙafa uku zuwa ƙarƙashin taga.

“Umma, me za ki yi? Ba yanzu nake nufi ba! Ki jira a samu wani!”

“Wa zan jira?”

Ta cire takalmi. Ta dafa bango, ta ɗora ƙafar mai lafiya, ta jawo ɗayar. Kujerar ta yi ɗan rawa, ba mai riƙewa. Ta sauke agogon, ya fi yadda take zato nauyi. A bayansa, jikin ƙurar, ga shatar babban yatsansa nan kusa da abin murɗawa. Ta tsaya tana kallonta. Sannan ta ɗora nata yatsan a gefe, ba a kai ba.

“Ta ina zan juya?”

“Baya, Umma. Dogon hannun ya zaga sau ɗaya. A hankali, don Allah.”

Tana cikin murɗawa wayar ta yi ƙara, baƙin gefen nan ya yi haske. Auta ce, da rigar asibiti ba ta ko cire ba, idanunta sun yi ja don rashin barci. Abin da ta fara gani kujeru biyu ne ba kowa, sai can sama ƙafafun uwarta a kan katako mai rawa.

“Innalillahi! Umma! Yaya, kana kallo ka bar ta ta hau?”

“Na hana ta, ta ƙi! Ke ki yi mata magana, ta fi jin taki!”

“Umma ki sauko!”

“Ki sauko, Umma!”

Umma ba ta waiwayo ba. Ta bar su suna ta yi, muryoyinsu biyu suna hawa kan juna a falon kamar lokacin da suke yara. Ta mayar da agogon kan ƙusarsa, ta daidaita shi, ta share idonta da bakin mayafi tun fuskarta na kallon bango. Agogon ya nuna tara daidai.

“Ku yi min shiru in sauko,” ta ce. “Ke kuma ki gaida yayanki. Tun ɗazu yake zaune yana jiranki.”