Kwaɗon Gidan Ɗinki

Shekara goma sha ɗaya Iya tana shara a gidan ɗinkin nan, ba ta taɓa son ƙa'idarsa ba. Da mata ashirin sun zauna kan kekunansu, maigadi zai ja ƙofar ƙarfe ya datse da kwaɗo ta waje, wai kada a fice da zare ko ƙyalle. Tagogin ma duk ƙarafuna ne. Autarta tana cikinsu, kusa da teburin guga.

Ran nan da hantsi Iya tana wanke tsumma a bakin famfo ta ji ƙauri. Ta ɗaga kai, ga hayaƙi ta taga, ga hannaye suna dukan ƙarfe.

"Kai, buɗe ƙofar nan."

Maigadi yana tsaye da waya a kunne, ya dafe aljihun da makulli yake. "Iya, manaja ya ce duk wanda ya buɗe ba izininsa, a bakin aikinsa. Ga shi ina ta kira."

"Wutar, izininsa ta nema? Miƙo."

"Ki bari ya ɗauka mana."

Ta haɗa shi da Allah, ta haɗa shi da darajar uwarsa. Ta kama rigarsa, ya hankaɗe ta, ta zube a kwata. Daga nan ƙasa ta jiyo muryar auta tana kiranta, tari yana sarƙe ta. Iya ta rarumi shebur ɗin kwasar shara ta sauke masa a hannu, sau ɗaya. Ya durƙushe, ta zaro makulli.

Mata ashirin suka fito. Da bakinta ta ƙirga su.

Washegari manaja ya kai ƙararta. A ofishin 'yan sanda aka zaunar da ita benci ɗaya da maigadi, hannunsa a ɗaure rataye da wuya.

"Iya, kin san kin karya shi?" in ji ɗan sandan.

"Na sani, ɗan nan. Ni na ji ƙarar ƙashin."

"Kin yi nadama?"

"Na yi. Nadamar roƙon da na tsaya yi. 'Yata tana asibiti da roba a hanci."

Ya turo mata takarda don ta dangwala yatsa.

"Ban yi boko ba. Karanta mini."

Ya karanta: ta far wa ma'aikaci da makami yana bakin aikinsa. Babu hayaƙi a ciki, babu ƙofa.

Iya ta kwance bakin zanenta ta dire kwaɗon a tebur, duk ya yi baƙi. "Duka na yi, ba na musu. Amma sai ka rubuta wannan, da wanda ya ce a rufe, sannan ka ga yatsana. In ɗauri ne a ɗaure mu tare."

Ɗan sandan ya dubi maigadi.

"Rubuta, yallaɓai," in ji maigadi. "Makullin yana aljihuna. Ina jin su suna ihu."

Ɗan sandan ya jawo sabuwar takarda. Iya ta juyo ta harari maigadi.

"Kai kuma ɗaga hannun nan sama, sakarai. Kumbura zai yi."