Jinin Mai Aski

Mai aski dai baki gare shi, kowa ya sani. Da likita ya ce za a yi masa aikin ƙugu, kuma zai iya ba da jininsa a ajiye masa kafin ranar, sai ya cika shago da fankama, wai jinin wani ba zai iya ɗaukar jikinsa ba. Masu jiran layi suka yi ta dariya. Shi kaɗai ya san dalilinsa: ya ɗauka jinin da zai koma jikin mai shi ba a gwada shi.

Shekarun baya reza ta yanke shi a yatsa yana tsakiyar yi wa wani aski, mutumin kuma bai daɗe ba ciwon hanta ya kashe shi. Tun daga nan tsoro ya zauna masa a ciki. Ya ware kofinsa a gida, ya ce wa matarsa tsabta ce. Gwaji kuwa ko sunansa ba ya son ji, don in magana ta fita, wa zai sake miƙa masa kai?

Yana kishingiɗe a kujerar ɗiban jini, hannun riga a naɗe, nas ta ce masa za a gwada jinin. Nan take fankama ta ƙare.

"'Yata, jinina ne fa. Ni za a mayar wa."

Ta ajiye allurar ta zauna. Ta ce firij ɗaya ne da na sauran mutane, hannaye da yawa ke taɓa ledar jinin, kuma ɗan Adam yana kuskure. Ko an sami wani abu ba a fasa aikin, ware nasa za a yi, a fara ba shi magani. Sakamakon shi kaɗai za a gaya wa, in kuma bai yarda ba, ba mai tilasta shi. Daga ƙarshe ya miƙa hannun.

Ranar da ya dawo, nas ta rufe ƙofa ta ce masa jininsa lafiya lau, ba komai. Ta ƙara da cewa ko da akwai, ba a kofi ake ɗauka ba. Wallahi dattijon nan kuka ya yi, yana yi yana dariya, har da cewa a ƙara ɗiban wata leda kyauta.

Ya ɗingiso waje, matarsa na kan benci da jakarsa a cinya. Ya zauna yana kame-kame, yana neman ta inda zai faro. Ta dube shi ta yi murmushi.

"Maigida, huta. Ni na je an gwada ni tun shekarar da ka yanke, ba komai. Jira nake ka gaji da ɓoyon."