Tankin Matarsa

A masana'antar da ake yin sinadarin ɗanɗanon girki, wani mutum da matarsa a ɗakin gwaji ɗaya suke aiki. Shi ake kira Dakta. Ita ma karatunsu ɗaya, amma da yake ya riga ta zuwa, sunan ya zauna a kansa, ita aka bar ta da Matar Dakta.

Aikinsu kiwon ƙwayoyin bakteriya ne a manyan tankunan ƙarfe. Ƙwayoyin sukan ci sukari su haɗa wani sinadari mai suna gulutamet, wanda shi ne asalin ɗanɗanon. Matsalar ita ce sai su riƙe shi a cikinsu, ɗan kaɗan ke fitowa cikin ruwan tanki. Dakta ya daɗe yana fama da wannan. A ganinsa abinci ne bai ishe su ba, don haka ya yi ta ƙara musu biyotin, wani bitamin da suke buƙata. Suka yi ta hayayyafa, ruwan ya yi kauri, gulutamet kuwa shiru.

Wata rana a hanyar gida, yana tuƙi, ta ce, "Baban yara, ni fa gani nake fatarsu ce matsalar. Da biyotin suke haɗa maiƙon da ke jikin fatar. Idan ya yi yawa sai fatar ta yi ƙwari, ƙofar da abin zai fita ta ƙi buɗewa. Da za mu rage musu..."

"Mu bar su da yunwa ke nan? To, sannu da ƙoƙari," ya ce, idonsa a kan titi.

Ba ta ja maganar ba. Ta nemi ƙaramin tanki wurin manaja, ta rage biyotin daidai yadda ƙwayoyin za su rayu amma fatarsu ta yi laushi. Da aka auna ruwan, sai da mai awon ya sake aunawa, don yawan gulutamet ɗin ya sa ya zaci na'urarsa ce ta lalace.

Daga nan abubuwa suka sauya. Manaja yakan shigo, ya wuce teburin Dakta da ɗaga hannu kawai, ya tsaya a nata. Ma'aikata suka koma kiran ta Dakta, shi kuma Babban Dakta, sunan da ya ji kamar na wanda ake shirin sallama. Ƙanwarsa da ta kawo ziyara ta ce, "Yaya, ashe yanzu kai ne mijin Dakta?" Ya yi dariya har ta fi ta kowa ƙarfi, sannan ya ce kansa na ciwo, ya shige ɗaki. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ko sau ɗaya matar ba ta tuna masa cewa ta faɗa masa tun farko ba. Da ta yi gori, da ya samu abin yin faɗa a kai.

Sai ya shirya nasa gwajin ba tare da ya gaya mata ba. Ya san maganin penisilin na raunana bangon da ke kewaye da fatar ƙwayar, fatar ta miƙe, ƙofar ta buɗe, ko da biyotin ya yi yawa. Ya zuba a tankinsa, da ya ga sakamako bai zo da sauri ba ya ƙara. Washegari wari ne ya tarbe su tun daga bakin ƙofa. Ƙwayoyin sun farfashe, tankin ya zama kumfa.

Ta ɗauki ɗigon ruwan ta duba a madubin ƙara girma, yana tsaye a bayanta.

"Dabarar tana da kyau," ta ce a hankali. "Ka zuba tun ba su gama girma ba ne, kuma ya yi yawa. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Sai na nemi izini?"

"Ban ce haka ba. Mu sake tare."

Suka sake, ya yi kyau ƙwarai, domin yanzu ko sukari mai arha da ke cike da biyotin za a iya amfani da shi. A taron ma'aikata ta tashi ta ce wannan tunanin mijinta ne. Manaja ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Dakta, ke da mutanenki kun fitar da mu kunya."

Ba a jima ba ya nemi a mayar da shi sashen duba ingancin kaya, a wani gini daban. Ta tambaye shi dalili, ya ce warin tankuna ne ke tayar masa da mura. Ta dube shi ta ce Allah ya sawwaƙe. Har yanzu mota ɗaya suke zuwa aiki, hirarsu a hanya ta makarantar yara ce da gyaran famfon gida.