Usur Uku a Dajin Dumega

Karo na goma sha ɗaya ke nan Abdussalamu yana goga ƙarfen ƙyastu, tartsatsi na tashi yana mutuwa kafin ya kai ga ciyawa. Ƙanensa Iro ya tsuguna gefe, ya tallabe haɓa, yana danne dariya.

"Yaya, akwai ashana cikin gwangwanin fa."

"Ƙwara goma ta. In ta ƙare maka cikin hamada, wa za shi sayar maka da wata?"

Gwangwanin bai fi na sardin girma ba. Abdussalamu, mai shagon kayan moto, wato babur, a kasuwar Dogon Dutsi, shi ya sa aka aiko masa da shi daga Yamai. A ciki akwai ƙyastu da ashana, ƙwayoyin tsarkake ruwa, reza, filasta, bargon leda mai ƙyalli, usur, har da ƙugiyar kamun kifi, abin da ya sa Iro ya tambaya ko akwai gulbi a hanyar Agadas. Takardar da ke ciki ta yi alkawari da Faransanci cewa mai wannan gwangwani zai rayu ko'ina.

Ranar Laraba Iro zai hau mota zuwa Jado, haƙar zinariya. Mahaifiyarsu Sahura ta yi faɗa, ta yi kuka, ta koma ta yi shiru. Abdussalamu kuwa ya ce to, tunda tafiya ta zama dole, a fara gwada kayan a dajin Dumega, kwana ɗaya. Ya sa ɗan kabu-kabu ya ajiye su ya dawo da hantsi, ya kulle wayoyinsu na salula duka biyu a shago don gwajin ya zama na gaskiya. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ba gwangwanin ya zo gwadawa ba. Fatansa dare ɗaya a daji ya karya wa yaron zuciya ya fasa.

Sai ga shi Iro ne ya karɓi ƙyastun, ya goga sau biyu, wuta ta kama.

Suka yi sallar isha'i a kan fako. An gama girbi, gonaki sun zama fili, sai tarin karan hatsi nan da can. Daga gabas ana hango fitilun wata tunga, huɗu ko biyar, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Kowane motsi sai Abdussalamu ya waiwaya. Iro kuwa ya miƙe ƙafa yana lissafa irin moton da zai saya idan ya dawo.

Wuta ta fara ja baya, Iro ya tashi ƙaro kara. Ya cusa hannu cikin tarin, sai ya yi wata ƙara gajeriya ya ja da baya ya zauna daɓas.

"Wani abu ya sare ni."

"Mi na? Ka gane shi?"

"Ban gani ba."

Abdussalamu ya zabura ya nufe shi. Ƙasar kububuwa ce, kowa ya sani, kuma ta fi son tarin kara. Ya jawo hannun kusa da wuta, bai ga komai ba sai ɗan ja a gindin yatsa. Iro ya fara gumi, haƙoransa na haɗuwa, yana cewa zafin ya hau har kafaɗa. Abdussalamu ya zazzage gwangwanin a ƙasa yana tonawa: filasta, reza, ƙugiya. Shi ya kawo yaron nan. Shi ya kulle salula. Ya rasa da wane baki zai tsaya gaban Sahura.

Ya lulluɓe Iro da bargon leda, ya ɗauki usur. Takarda ta ce busa uku, a dakata, a sake, duk wanda ya ji zai san ana neman taimako. Ya juya wajen tungar ya busa da iya ƙarfinsa.

Fitila ɗaya ta mutu. Ya sake busawa. Ta biyu da ta uku suka bi ta. Kafin ya gama zagaye na huɗu gabas ta yi baƙi ƙirin, ko karen da ke haushi ɗazu an rufe masa baki.

"Suna zuwa?" in ji Iro daga cikin leda.

"Suna zuwa," ya ce, ya san ƙarya yake yi.

Ya bar usur ɗin nan a ƙasa ya ruga wajen tungar. Kututturen hatsi suka yanyanke masa ƙafa, ya faɗi sau biyu. Da ya kusa shingen farko ya ji ƙarar ƙarfe, irin ta wanda ke gyara riƙon abin da ba a wasa da shi. Ya tsaya cak, ya ɗaga hannuwa sama a cikin duhun da ba mai ganinsu.

"Salamu alaikum! Jama'a, mutum na! Abdussalamu na, ɗan Arzika maƙeri na Dutsi, bakin tasha. Ƙanena ne wani abu ya sara."

Can wata tsohuwar murya ta fito daga bayan shinge.

"Arzikan da ka gyaran galma?"

"Shi. Allah ya jiƙan shi."

"Amin. Kai ka wannan busa?"

Aka kunna fitila. Tsohon, Yaro sunansa, ya taho da mutum biyu. Ya duba hannun Iro, ya buɗe masa baki ya haska dasashi, sannan ya sa aka wargaza tarin karan da sanda. Ga ta nan baƙa, ta ɗaga ƙari.

"Kunama ta," Yaro ya ce. "Za ka sha wuya har asuba, amma ba ka mutuwa." Ya dubi ledar da ke walƙiya jikin Iro ya girgiza kai. "Da mun tarad da kai haka ba da yayanka ba, wallahi gudu za mu yi."

A zauren Yaro suka ƙarasa daren. Da gari ya waye zafin ya sauka zuwa gwiwar hannu, aka kawo musu kunu. Abdussalamu ya tambayi tsohon me ya sa suka kashe fitilu.

"Ɗana, a Arewa ka tashi kuwa? Mai busa cikin daji da dare, in ba iska ba to ɓarayin shanu na, suna kiran junansu. Mutum ba ya busa. Mutum sunan ubanai yaka faɗi, a san ko ɗan wa za a buɗe ma ƙofa."

Abdussalamu ya ajiye ludayi. Ya dubi ƙanensa, yana tunanin ramukan Jado, inda babu wanda Arzika ya taɓa gyara wa galma.

Iro ya ɗaga hannunsa mai kumburi yana murmushi. "Ka gani, Yaya? Mun kwana daji, an harbe ni, ga ni garau. Laraba sai tafiya."

"Ina zuwa?" Yaro ya tambaya.

"Jado, Baba."

Tsohon ya dubi ƙoƙon da ke hannunsa.

"Ɗana na can. Anas. Dogo, yana da tabo ga gira."

Abdussalamu ya gyara zama da sauri, kamar an sauke masa kaya. "Alhamdu lillahi. Baba, ba mu lambar shi, Iro ya sauka wurin shi."

"Akwai lamba," in ji Yaro. "Ya kira sau biyu shekarar farko. Bana ta huɗu." Ya juya ga Iro. "In ka isa, ka riƙa faɗin sunan a wurin mutane. Anas ɗan Yaro na tungar Dumega. Ka faɗe shi da ƙarfi. Kila wani ya amsa."

Daga nesa aka ji kukan moton ɗan kabu-kabu yana neman su a inda ya ajiye su jiya. Iro ya daina murmushi. Ya maimaita sunan sau biyu a hankali don kada ya manta, sannan ya jawo takalmansa da hannu ɗaya. Bai ce ya fasa ba. Abdussalamu ya durƙusa ya ɗaure masa igiyar.