Keken Ƙarfe a Ɗakin Baya

Shekarar da damina ta gaza, soja kuma suka karɓi mulki, likita a Maradi ya ce wa Baba sukarinsa ya hau, in bai rage jiki ba zai rasa ƙafa. Baba ne ke riƙe da mabuɗin mangaza, ɗakin ajiyar hatsin taimako, a Mayahi. Mutum irinsa ba ya gudu a kan hanya yara suna kallo. Sai muka shiga neman keken motsa jiki, irin wanda ake tuƙawa a ɗaki, ba ya zuwa ko'ina.

Biyu muka samu. Ɗaya shiru yake, amma da Baba ya hau sai ya kama rawa. Ɗayan tsohon ƙarfe ne mai sarƙa, sirdinsa da faɗi. Shi ya ɗauka. Muka naɗe shi a tabarma, muka kai ɗakin baya.

"Lawali, kada kowa ya ji," in ji shi. "Mutane na jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci su ci don yunwa, ni ina zubar da ƙiba. Ka san abin da za a ce."

Kullum bayan azahar sai ya kulle ƙofa ya hau. Sarƙar ta yi ta gurnani har bayan katanga. Ni ban kula ba. Matan unguwa sun kula. Ƙara ɗaya suka sani mai kama da wannan: injin niƙa.

Wata rana motar jandarma ta tsaya a ƙofarmu. A lokacin, mai mangazar da aka zarga da satar hatsi, in ya shiga wannan mota ba a ganinsa da wuri. Babbansu, Ajidan, ya shigo, ankwa a hannu. Bayansa mata ne, kowace da ƙwarya, Inna Talle maƙwabciyarmu a gaba.

"Malam Iliyasu, an ce kana niƙa hatsin gwamnati a ɓoye."

"Ƙarya ne, mon ajidan."

"To buɗe ɗakin can."

Baba ya dubi matan. Bai motsa ba.

"Ko ka buɗe, ko ka shiga mota."

Na ce, "Baba, don Allah." Ya miƙo mini mabuɗin ɗakin ba tare da ya dube ni ba, na buɗe.

Ajidan ya zagaya keken. Ya shafa ƙasa yana neman gari, ya ɗaga katifa, ya bugi bango. Babu komai.

"Sun kau da injin," in ji Inna Talle. "Ni da kunnena nake ji. Wannan busasshen ƙarfe ne zai yi kuka haka? Ka tambaye shi, Ajidan."

Ajidan ya kaɗa ankwar. "Hau mu ji. In ba ita ce ƙarar ba, mu tafi da kai."

Baba ya cire hula. Ya tuɓe babbar riga a gaban matan unguwa, mutumin da ko ni ban taɓa ganin kafaɗarsa a tsakar gida ba. Tumbinsa ya fito fili. Wata yarinya a goye ta fara kuka, uwarta ta jijjiga ta.

Ya hau. Ƙafarsa ta zame, ya gyara. Ya taka.

Sarƙar ta ɗauka, gurnanin ya cika ɗakin. Gumi ya keto masa. Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

"Ita ce, Inna?" in ji Ajidan.

Ta ce, "Ita ce."

Ajidan ya rataye ankwar a ɗamara. "Sauka, Malam. An gama."

Inna Talle ta kifa ƙwaryarta a ka. "Ashe akwai mai ƙoshin da har sai ya zubar," ta ce, ba da ƙarfi ba. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, babu sallama.

Motar ta tashi ba da shi ba. Baba yana kan sirdi, kansa a sunkuye. Na ɗauko rigar na tsaya kusa da shi, ina jira ya miƙo hannu.