Kaset ɗin Baba Raji

"Sammani, yau ma hannu rabbana ka shigo?"

Baba Raji ne ya tambaye ni daga kwance, muryarsa da ƙyar take fita. Maƙwabcina ne a Fagge, katanga ɗaya ta raba mu. Wata huɗu ke nan da ya ba ni wani tsohon kaset na bidiyo in juye masa a waya, tunda sana'ata ke nan a Sabon Gari, tura wa mutane waƙoƙi.

Shi ma ɗan harkar ne, tun ina rarrafe. Da kyamarar kafaɗa yake ɗaukar mawaƙa, a ɓoye rakoda bayan bishiya, mawaƙi na bin waƙar da baki. Da faifan CD ya zo, ya lallaɓa ya bi. Da aka koma waya sai ya haƙura. Yakan tsokane ni cewa bidiyonmu na yanzu, kafin ka gane fuskar mutum an yanke.

Kaset ɗin aikinsa ne na farko, kuma matarsa Mulikat na cikin 'yan amshi. Shekara tara da rasuwarta. Ita yake so ya sake gani.

Ni kuwa gwanin zamani, ranar da na karɓa na ɗora shi kan babbar sifikar shago, na manta. Maganaɗisun cikinta ya cinye hoton. Da na aro na'ura na saka, babu komai sai yayyafi fari da baƙi, kiɗa na zuwa yana ɗaukewa. Kunya ta hana ni faɗa masa. Kullum sai in ce injin ne ya ba da matsala.

Ranar da ya yi mini tambayar nan dai, ƙaryar ta ƙi fita. Na zaro waya na kunna masa yayyafin da na juye, ina haɗa kalmomin ban haƙuri a raina. Ciwon suga ya riga ya ci idonsa, sai ya kawo wayar dab da hanci.

"Ga ta nan, ta hagu, mai jan ɗankwali," ya ce. "Ka ga yadda na bi ta da kyamara? Ban yanke ba ko sau ɗaya."

"Na gani, Baba."

"Allah ya yi maka albarka."

Wallahi gara a ce zagina ya yi.

Ya rasu ran Laraba da hantsi. Bayan sadakar uku, 'yarsa Azeezat ta tare ni a soro.

"Malam Sammani, Baba ya ce Mama ta fito tas. Don Allah tura mini. Yarana ba su san ta ba."

Ta miƙo wayarta, na karɓa da hannu biyu. Ta gyara mayafi, ta jingina da bango tana murmushi, tana jira.