Tsagar Tankin Madara

Ɗigo ɗaya ne ya fara bayyana a gindin tankin dafa madara, yana rawa kafin ya faɗi. Tankin kuwa ƙal yake, mutum na ganin fuskarsa a jiki. Shekara goma sha biyu ke nan da tsoho mai walda ya haɗa wa matarsa shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma babu baƙon da ya taɓa fita gidan bai sha labarin ba.

'Yarsu, mai duba bututu a masana'anta, ta zo da hantsi. Ta fesa wa wurin jan ruwa, ta goge, ta bi da farar hoda. Sannu a hankali jan ya fito ta inda ƙarfen ya tsage, siriri, yana rassa kamar saiwar ciyawa.

"To, Injiniya," in ji tsohon, yana murmushin yaƙe. "Waldata ce?"

"Ba ita ba ce, Baba, ga ta nan garau. Tun da aka lanƙwasa ƙarfen yake a ɗame. Zafi kaɗai bai dame shi ba. Amma in aka haɗa masa da bilic, ruwan wankin nan mai faranta kaya, sai ya riƙa tsagewa a ɓoye, waje na sheƙi."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. Shekara arba'in waldarsa ba ta kunyata shi ba. Sai kuma ya hango matarsa ta taga tana shanya. Kullum, tun tankin da zafinsa, take jiƙa shi da bilic, wai aikin hannun mijinta ba zai ga datti ba tana raye. Hannuwanta duk sun yi kaushi. Tausayinta ya kama shi.

Uwar ta leƙo. "Me kika gani? Ko ni ce na yi ɓarna?"

'Yar ta buɗe baki, tsohon ya riga ta. "Waldata ce ta saki. Tsufa ne, ido ya ja baya."

"Kai ɗin? Kai da ka cika mana kunne?" Ta yi dariya har da tafi. "Kada ka damu. Sabon da za ka haɗa, sau biyu zan riƙa jiƙa shi a rana."

'Yar ta dubi ubanta. Shi kuwa hannun matarsa ya kama, ya juya tafin yana dubawa.

"Da sabulu kawai," in ji shi. "Bilic ɗin nan ya gama cinye miki hannu."